Shahon Kawu na Ƙarshe

Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma, wannan babu mai musu. Amma ranar da muka kai Kawu makwancinsa a Liba na gane cewa kafin komawar, wasu bayin Allah sun ƙware a ƙarya. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna kiransa mahaukacin tsuntsu, su ne suka cika tabarmar gaba a wurin zaman makoki, suna goge busassun idanu da bakin rawani.

Akwai maƙwabcinsa na gona, wanda na taɓa gani da idona yana jifan shahon Kawu da hoge. Shi ne ya fi kowa girgiza kai. "Wallahi tsohon ga waliyyi na," in ji shi, "mu dai munka kasa ganewa." Akwai wani mai awon hatsi da ya taso takanas daga Jega, wanda in Kawu ya gifta rumfarsa sai ya ɗaga murya ya ce ga mai kazar aljannu nan. Ya zauna ya ci waina har ya yi gyatsa, sannan ya ce ƙasa ta yi rashin da ba za ta mayar ba. Na dube shi, ya kawar da kai. Tir!

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne babban ɗan marigayin, taubashina. Duk baƙon da ya zauna, sai ya ce masa mahaifinsa manomi ne mai yawan ibada. Gaskiya ne, amma nan yake tsayawa. Shaho kuwa yana ɗaure a turkensa bayan zaure, ana jin ƙarar ƙararrawar ƙafarsa, taubashi bai ambace shi ko sau ɗaya ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni ɗan ƙanwar Kawu ne, manomin albasa a Aliero, ba marubuci ba. Amma in na bar tarihinsa a bakin mutanen can, za su mayar da shi wani tsoho salihi da bai taɓa zagin kowa ba, kuma wannan ba Kawuna ba ne.

Kawu ya tafi Makka a ƙasa yana saurayi, ya daɗe a hanya har aka fid da rai. A wajen Larabawan Sudan ya zauna ya koyi riƙon shaho. Abokan tafiyarsa sun dawo da zannuwa da turare. Shi ya dawo da safar hannu ta fatar raƙumi, da wani irin fito da yake yi da baki, mai kaifi, da ake ji tun daga fadama.

Yadda yake aikinsa ba ya canzawa. Damina ta yi tsakiya, sai ya kafa tarko da tantabara ya kama matashin shaho. Ya ɗaura masa igiyar fata a ƙafa, ya rufe masa ido da 'yar hular fata, ya yi ta yawo da shi a hannu har ya saba. Lokacin da hatsi ya fara nuna, tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi suka sauko kamar hayaƙi, sai ya saki shaho a kansu. Ba wai yana cinye su ba ne, nawa zai ci? Ganinsa a sama kawai ya isa ya hana garken sauka. In aka gama girbi, damin ƙarshe ya shiga rumbu, sai Kawu ya ciyar da shahon har ya ƙoshi, ya tafi da shi bayan gari shi kaɗai, ya dawo hannu wofi. Ba ya yarda kowa ya bi shi. Ba ya kuma raɗa wa shaho suna. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Aro na. Kai kana raɗa wa jakin aro suna?"

Bakinsa kuwa, Allah Ya yafe masa. Bai ɗauki mutane bakin komai ba, kuma ba ya ɓoyewa. Akwai wata bazawara tsohuwa a gefen gari da ba ta da mai tsare mata gona. Kullum da safe gonarta yake fara zuwa kafin tasa, shekara bayan shekara, bai taɓa karɓar ko zangarniya ba. In ta kawo masa fura, sai ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, "Wagga hura ko ruwan wanka?" Ya shanye tas, ya miƙa mata ƙwaryar. Ranar rasuwarsa ba ta zo tabarmar mata ta yi kururuwa ba. A bakin rijiya na same ta zaune, guga a hannu, ta manta abin da ya kawo ta.

Faɗa mafi girma da aka yi a gidan, da Inna aka yi shi, matarsa. Ita mace ce da ba ta iya ganin mai rai da yunwa a gidanta, ko karen maƙwabta ne. Shaho kuwa da yunwa ake riƙe shi. Ba yunwar mugunta ba, 'yar kaɗan, wadda za ta sa ya tuna da hannun da ke ba shi nama. In ya ƙoshi, ba ruwansa da kai. To wata shekara, ana tsakiyar yaƙi da jan-baki, Inna ta yanka kaza. Ta ga tsuntsu yana kallonta, tausayi ya kama ta, ta zube masa kayan ciki duka ba tare da ta gaya wa kowa ba. Kawu ya fita da shi gona, ya sake shi, shahon ya tafi ko waiwaye bai yi ba. Jan-baki suka yi wa gero kaca-kaca a shekarar. Kawu ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure har aka gama girbi, abinci ma sai a aika masa. Inna ta ce ita ba ta ga laifinta ba, a gidan ubanta ba a kallon bakin mai ci. Sun shirya daga baya, amma ko bayan shekaru in ta gifta turken da kwano sai ya ce, "Ke, bi ta can."

Ni kuwa na shiga wannan sha'ani da furfura a gemu. Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, kowa na murna ana kaɗe-kaɗe, ni ina tsaye a gonata a Aliero ina kaɗa gwangwani, jan-baki suna cin gerona kamar ubansu ya shuka. Na hau keke na tafi Liba na ce, "Kawu, koya min."

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Kai? Mai albasa? Albasa inda ka aje ta nan kaka iske ta. Koma gida."

Ban koma ba. Na je wurin wani baduku a Jega ya ɗinka mini safa ta jar fatar akuya, mai laushi, har da ado a wuyan hannu. Na kawo ina taƙama. Kawu ya ɗora mini shaho a kan safar. Farcen ya ratsa fatar ya shige tsokata, jini ya bi gwiwar hannu. Na yi ƙara zan yarfe, ya daka mini tsawa: "Kak ka motsa! Ka sawo takalmin amarya ka sa ga hannu, mi kaka so shi yi ma?" Tabon yana nan har yau.

Daga nan ya fara ba ni aron tasa safar. Ya koya mini in riƙe hannu a tsaye kamar reshe, kada in zura wa tsuntsu ido, kada in zo masa ta baya. Ya koya mini taɓa ƙashin ƙirjinsa da yatsa: in nama ya rufe ƙashin, ya yi ƙiba, ba zai dawo ba, in ƙashin ya fito kamar wuƙa, an zalunce shi, tsakanin nan ake nema. Sannan ya tura ni kasuwar Jega ranar da take ci, in ratsa ta da shaho a hannu don ya saba da hayaniya. Wayyo! Abokan cinikina na albasa suna zaune a kan buhuna suka hango ni. Wani ya ce ashe ciwon na gado ne ta wajen uwa. Wani ya tambaye ni nawa zan sayar da kazar. Na dawo ina huci na gaya wa Kawu. Ya ce, "Shahon ya tsorata?" Na ce a'a. Ya ce, "To kai wa yat tambaye ka?"

Abu ɗaya ne ya gagare ni, kuma shi ne komai. In aka ɗaura wa shaho doguwar igiya na kira shi, yakan zo, yana ɓata rai. Amma in aka kwance igiyar aka sake shi sarari, sai in ɗaga hannu da nama in yi fito har leɓena ya bushe, ya taho kamar wurina zai zo, ya wuce ta saman kaina ya sauka a hannun Kawu, wanda ko nama bai riƙe ba. Damina biyu, shaho biyu, haka. Kawu ya ce, "Hannunka roƙo shikai. Ka ɗaga shi awa mai jiran sadaka. Shaho ba shi zuwa wurin wanda ka roƙo nai." Ya ce ranar da sakakken shaho ya sauka a hannuna, ranar na fara. Kafin nan ni ɗan rakiya ne. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, domin ina da mata da 'ya'ya, ana gaishe ni a unguwa.

Zazzaɓi ya kwantar da shi ana ɗaurin damin ƙarshe. Bai yi doguwar jinya ba. Ya tafi bai sallami shahon shekarar ba.

A nan taubashina ya shigo. Tun da aka yi sabuwar jiha ya tattara daga Sakkwato ya koma Birnin Kebbi, inda kowa ke rige-rigen neman kujera kafin a gama rabawa. Wannan mutum bai taɓa ɗora shaho a hannu ba. Da bakinsa ya taɓa ce wa uban yana ba su kunya a gaban mutane. Ana kwana uku da rasuwa ya ja ni bayan zaure, ya tsaya nesa da turken, ya ce tsuntsun nan gadon gidansu ne. Wai akwai wani babba a Birnin Kebbi da ke da dawisu da barewa a gidansa, har ya sa an ƙera keji na ƙarfe. Zai zo ta'aziyya ranar sadakar bakwai. Taubashi yana so a nuna masa shaho ya tashi ya dawo hannu, sannan a ba shi kyauta.

Na ce, "Ka san mi Kawu ka yi in hatsi ya shiga rumbu."

Ya ce, "Baba ya tahi. Mu muna nan, muna da iyali." Sai ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba. "Kai na magaji nai. Bari duniya ta gani."

Munafuki ya san inda zai taɓa. Domin a kwanakin makoki ni nake kula da shahon, kuma kullum ina taɓa ƙirjinsa. Ya zo daidai wurin da Kawu yake so. Hannun da yake wuce ni ya tafi gare shi yana cikin ƙasa. Na gwada shi da doguwar igiya a bayan gida, kafin in gama fito ya dira a hannuna da ƙarfi har na ja baya. Na san in na sake shi ranar bakwai zai zo. Zai zo a gaban mai jifa da hoge, da mai awon Jega, da duk wanda ya ce ciwon gado ne. Ina son wannan abu kamar in mutu. Na kuma san in ya zo, daga hannuna sai keji, ya zauna kusa da dawisu yara suna tsokanarsa da kara har ya mutu.

Ranar bakwai da hantsi aka yanka ragon da taubashi ya sayo saboda babban baƙo. Ana fiɗa, aka ce Inna tana kirana. Tana cikin takaba, na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta na gaishe ta. Ba ta ɗago labule ba.

Ta ce, "Hatsi ya shiga rumbu?"

Na ce, "Ya shiga, Inna. Dut."

Sai hannunta ya fito ta ƙarƙashin labule ya turo kwano da murfi. Na buɗe. Hantar ragon ce, ɗanya, guda, ko yanka ba a yi ba. Matar da aka yi shekaru ana ce wa bi ta can.

Na ce, "Inna, yau kam da ya zaka hannuna."

Ta ce, "Na sani, ɗana."

Na daɗe a durƙushe da kwanon. Sannan na tafi bayan zaure na zauna gaban turke, na yanyanka hantar na yi ta ba shi. Ya ci, ya ci, har wuyansa ya kumbura ya yi tulu. Ina jin taubashi a tsakar gida yana faɗa da masu fiɗa, wai ina hantar da za a gasa wa baƙo, wane ɓarawo ne ya ɗauke hanta a gidan mutuwa. Ban yi dariya ba, abin bai ba ni dariya ba a lokacin.

Baƙon ya iso bayan la'asar da motoci. Ta'aziyyarsa ba ta kai tsawon alwala ba, ko sunan marigayin sai da aka raɗa masa. Aka ɗunguma zuwa gonar Kawu da aka girbe, har da kujera aka ɗauko masa. Duk Liba ta fito. Kowa ya ga wuyan tsuntsun a kumbure, babu wanda ya san abin da yake gani. Mutanen da suka zauna da Kawu tun kafin a haife ni! Mai jifa da hoge ma cewa ya yi, kai, tsuntsun ga ya yi kyau, ya ji kiwo.

Na kwance igiyar fata daga ƙafarsa, na cire ƙararrawar na sa a aljihu. Taubashi ya ce mene ne haka, na ce haka ake yi. Na zare hular, na yi bisimilla, na ɗaga hannu. Ya tashi da nauyi ya sauka a kan gawon da ke tsakiyar gona, ya zauna yana goge baki a reshe.

Na sa nama a safa na yi fito. Zan faɗi gaskiya, ba don idon mutane na yi ba. Da gaske na kira shi. Ni na ƙosar da shi da hannuna, na san ba zai zo ba, amma na tsaya a gonar nan hannu a sama ina fito, zuciyata tana cewa ko sau ɗaya, ko don Kawu. Ya juyo ya dube ni. Sannan ya buɗe fiffike ya yi sama, ya yi kewaye, ya miƙe wajen Maiyama. Ban sauke hannu ba sai da na daina ganinsa.

Dariya ta fara daga baya, wajen mai awon Jega. "Dama mai albasa na!" Waɗanda suka yi kwana bakwai suna cewa waliyyi, nan take suka koma cewa ai tun asali wasan banza ne. Baƙon ya dubi agogonsa ya miƙe, ko ragon bai tsaya ci ba. Taubashi ya matso kusa da ni ya ce, "Ka kashe ni." Na ce masa tsakanina da shi wasa ne tun na kakanni, ya ɗauka wannan ma wasa ne. Bai sake yi mini magana ba sai bayan shekaru, kuma ban yi kewar muryarsa ba. Har yau a kasuwar Jega akwai masu nuna ni su ce ga wanda tsuntsu ya guje wa a gaban manya. Su yi ta faɗa. Ban sake kafa tarko ba, kuma sakakken shaho bai taɓa sauka a hannuna ba.

Da jama'a suka watse na koma ƙofar Inna don in mayar da kwano.

Ta ce, "Ya tahi?"

Na ce, "Ya tahi."

"Na ji kana kira nai."

Kunya ta kama ni. Na ce, "Kawu ya yi gaskiya, Inna. Hannuna roƙo shikai."

Na ji ta ja hanci a bayan labule. Ta ce, "Kai kana tsammanin don mi shika hana kowa bin shi? Dut shekara, in ya sallami tsuntsu nai, daga nan ɗaki nika jin shi. Shi yi ta hito, shi yi ta hito, har magariba. Shi dawo murya ta dushe, shi ce min sanyi na."

Na zauna a ƙasa a bakin ƙofar, da safarsa a hannuna, na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kaifin bakinsa, Ya saka masa da geron bazawarar nan zangarniya bayan zangarniya. Allah Ya sa inda ya tafi, in ya ɗaga hannu ya yi kira, a amsa masa.